Sunan da Inna ba ta faɗa

Saƙon bai zo mini daga bakin Inna ba, da ma ban sa ran haka ba. Wata nas ce ta kira ni a waya ina tsakiyar aji a Aliero, 'yar ƙasar Zuru, Kirista, wadda ta daɗe tana aiki da mahaifiyata a wani ƙaramin asibiti a Maiyama. Ta ce takarda ta zo daga sama: nan da wata uku za a tantance ƙananan ma'aikata, kuma duk wanda ba zai iya cika fom da hannunsa ya karanta abin da aka nuna masa ba, za a sallame shi. Ta ce Inna ta ji, ta ci gaba da goge ma'aunin jarirai. Amma kwana uku ke nan tana zuwa da kwanon abincinta tana komawa da shi a rufe.

Na tambayi nas ɗin ko Inna ce ta sa ta kira ni. Ta yi dariya, ta ce ai na fi ta sanin uwata.

Gaskiya ban fi ta ba. Ni ce 'yar fari, don haka ana yaye ni goggona ta zo ta goya ni zuwa Jega. A unguwar Jega Magaji na yi wayo, a can na yi makaranta har na zama malamar firamare. Inna mutuniyar Alelu ce, kuma irin kunyar 'yar fari da ta taso da ita ba ta wasa ba ce. Ba ta kallona ido cikin ido, ba ta cin abinci a gabana, in za ta yi mini magana sai ta fuskanci bango ta ce a gaya wa ta Jega kaza da kaza, ko da daga ni sai ita a ɗakin. Sunana kuwa ban taɓa jin sa a bakinta ba. Mutane na yaba mata, suna cewa ga mace mai kawaici. Ni dai na girma ina jin haushin abin, kuma ba zan ɓoye ba, har na haifi nawa 'ya'yan haushin bai sake ni ba.

Aikin nan shi ne rufin asirinta. Ta same shi bayan rasuwar mahaifinmu, da shi ta ciyar da ƙannena, da shi ta ƙi zama a gidan kowa tana jiran a sam mata. Shekara goma sha tara tana yi. Ranar awo da rigakafi ita ke tsara mata a layi, ita ke ɗora jariri a ma'auni, ita ke rarrashin mai kuka. Ba ta buƙatar kati don ta san kowa: wannan uwar 'yan biyu ce, waccan matar mai facin taya, ga ta bayan makabarta wadda ɗanta ba ya son a cire masa hula. Sai dai mata sun yi yawa, suna zuwa daga ƙauyukan da ba ta taɓa takawa ba, kuma tsarin ya canja. Yanzu tara katuna ake yi a kan tebur, a ɗauki ɗaya a kira sunan da ke jiki, a auna yaro, a rubuta nauyinsa a gurbinsa. Nas ɗin ce ke yi mata wannan a ɓoye, tana barin allura tana zuwa kiran suna. Saura shekaru kaɗan Inna ta ajiye aiki da mutuncinta, ga shi ana shirin nuna mata ƙofa.

Ranar Asabar da sassafe na shiga motar Jega, daga tasha na hau kabu-kabu zuwa Maiyama, da littafin rubutu da fensir uku a jakata. Na same ta tana tsince shinkafa. Na gaishe ta, ta amsa wa faifan. Na shimfiɗa tabarma na ajiye littafin a tsakiya. Ta gama tsintarta tsaf, ta wanke hannu, sannan ta zo ta zauna a gefen tabarmar ta ba ni kafaɗa.

Haka muka fara, haka kuma muka yi ta yi kowace Asabar da Lahadi. Wanda bai taɓa koyar da mutumin da ba ya kallonsa ba bai san wahala ba. In na ce ta dubi bakina ta ga yadda ake furta harafi, sai ta dubi ƙafata. Ta yi makarantar allo tana ƙarama, saboda haka hannunta ya saba farawa daga dama. Sai in juya in ɗebo ruwa, kafin in dawo ta cika layi daga ƙarshen shafi tana tahowa baya. Fensir kuwa riƙon muciya take yi masa, a mako na farko ta karya biyu. In ta kasa gane abu ba za ta ce ta kasa ba, sai ta ce wa ƙofa a gaya wa malama ta rage sauri.

Ni kuma Allah bai yi ni da haƙuri ba. Ɗalibaina na Aliero sun sani, in na cire tabarau kowa ya shiga taitayinsa. A mako na huɗu, bayan na nuna mata harafi ɗaya sau ba adadi ta sake juya masa ciki baya, na buga littafin a tabarma na daka mata tsawa kamar 'yar aji biyu. Na ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, ni ban san me ya kawo ni ba. Maganar na fita na so in kamo ta. Inna ba ta motsa ba. Ta ɗauki littafin, ta kakkaɓe shi, ta goge harafin da yatsa da miyau har takardar ta huje, ta sake rubutawa a gefen hujin. Daidai ta rubuta. A kan mashin ina komawa na yi kuka, ɗan kabu-kabun ya ɗauka rasuwa aka yi mini har yana ba ni haƙuri.

Daga nan abin ya fara shiga. Nas ɗin ta yanka mana kwali ta rubuta sunaye irin na katunan asibiti, muka riƙa gwaji da su. Inna ta ɗauki kwali, ta matso da shi kusa da hanci, ta harhaɗa baƙaƙen a hankali, sai sunan ya fito, sai ka ga kafaɗarta ta sauka. Ranar da ta karanta goma a jere ba kuskure ta tashi ta dama mini fura da kanta, ta ajiye a bakin tabarma ta ce wa kwanon a sha.

A cikin kwalayen akwai mai irin sunana, don suna ne da ya cika gari. Da ta zo kansa na ga leɓenta ya fara motsi, ya tsaya. Ta kifa kwalin ta ce, "Takwara," ta ɗauki na gaba. Na mayar da shi cikin tarin ba ta gani ba. Ta sake cin karo da shi, ta sake kifawa. Sau uku na yi mata haka a yini ɗaya. Na gaya wa kaina wai aiki nake koya mata, tunda a asibiti ba za ta kifa katin ɗan mutane ba. Ƙarya nake yi wa kaina. So nake in ji.

Saura mako biyu nas ɗin ta samo mana samfurin fom ɗin. Ba shi da wuya: suna, gari, irin aiki, shekarar fara aiki, sai layin magaji, wato wanda za a nema in wani abu ya sami ma'aikaci. Inna ta ji bayanin layin, ta ce wa bango, "A sa na ƙanenta, ai namiji na."

Na ce ƙanena yana kudu yana bin motocin albasa, yau yana nan gobe yana can, lambar wayarsa ma ba ta wata biyu bai canja ba. Na ce ni ce kusa, ni ke da aikin gwamnati, ni za a samu in an nema. Duk gaskiya ne, amma ba shi ne dalilina ba. Na rubuta cikakken sunana a saman shafi da manyan baƙaƙe na tura mata. Sai da na tura na tuna cikakken sunana ya haɗa da na mahaifina, mijinta, wanda shi ma ba ta taɓa kama sunansa ba, yana raye ko bayan ransa. Sunaye biyun da ta fi kiyayewa a duniya na jera mata a layi ɗaya.

Ta daɗe tana kallon shafin. Na zaci za ta tashi ta bar mini tabarmar. Sai ta ɗauki fensir, ta damƙe bakinta, ta kwafa harafi bayan harafi har ƙarshe. Da ta gama ta ce, "Hannu ba baki ba na." Na ji daɗi a ranar, har na ɗauki shafin a waya. Ban yi tunanin abin da na ƙulla mata ba.

Ranar tantancewar zafi ake yi irin na lokacin cirar albasa. A wani babban ɗakin taro aka yi, tebur a gaba, bencuna a baya inda masu jira da 'yan rakiya ke zaune. Mutum uku ne a teburin. Shugabansu baƙo ne, ba ɗan ƙasarmu ba, mai furfura da Hausar da aka koya da girma, kuma tun daga farko na ga ba mugu ba ne, mai bin ƙa'ida ne kawai. Ya yi gargaɗi cewa duk wanda aka taya daga baya, ko da tari ne, ya faɗi.

Mutum na uku da aka kira wani tsohon maigadi ne. Ya cika fom ɗinsa tas, har na ce a raina wannan ya haye. Shugaban ya ɗora biro a kan wani layi ya ce ya karanta. Tsohon ya ce ya manto tabarau. Aka ara masa. Ya ce na wani ba ya yi masa. Ashe zanen fom ɗin ya haddace kamar mai zana hula, bai san abin da ke ciki ba. Shugaban ya ɗauki jan biro ya ja layi, tsohon ya fita yana laluben sandarsa. Bayansa wata mai shara ta yi irin haka, ita kuma ta ce kanta ke ciwo. Kowa a ɗakin ya shiga shafa wa gemunsa ruwa. Na saci kallon Inna, tana zaune a bencin gabana ta ɗora hannu bisa hannu.

Da aka kira ta sai da ta gyara takalmi sannan ta tafi. Daga inda nake ina hango hannunta. Ya nufi dama. Ya tsaya, ya dawo hagu. Ta daɗe tana rubutu, har ɗaya daga cikin mutanen teburin ya fara duba agogo. Ta miƙa da hannu biyu.

Shugaban ya duba, ya gyaɗa kai. Ya nuna layin farko, ta karanta sunanta. Ya nuna na biyu, ta ce Maiyama. Ya ce wannan kowa na iya haddacewa. Biron ya sauka ƙasa, ya wuce aiki, ya wuce shekara, ya tsaya. Tun kafin ya buɗe baki na san inda ya tsaya.

"Mama, karanta wannan."

Inna ta dubi takardar, ta dubi ƙasa.

Ya sake cewa ta karanta. Ba ta ɗago ba. Fankar ɗakin ba ta aiki, ina jin gumi na bin bayana. Nas ɗin, wadda ke zaune kusa da ni, ta damƙe mini gwiwa don ta ga ina shirin miƙewa. Ɗaya daga cikin 'yan kwamitin, ɗan ƙasarmu ne, ya leƙa takardar ya gane. Ya sunkuya ya yi wa shugaban bayani cewa sunan 'yarta ta fari ne da na mijinta, kuma a al'adarmu mace irin ta da ba ta faɗin su. Ya roƙa a nuna mata wani layin.

Shugaban ya saurara har ƙarshe. Ya ce ya ji, kuma yana girmama al'ada. Amma yau an kawo masa uzurin tabarau, an kawo na ciwon kai, in ya karɓi wannan me zai ce wa waɗanda ya kora? Sannan ya kawo babbar hujjarsa. Ya ce aikin matar nan kiran suna ne. In gobe aka kawo jariri mai wannan sunan, a bar shi ba allura ke nan? Wanda akwai sunan da ba zai iya kira ba, bai iya aikin ba. Ya ajiye baƙin biro ya ɗauki ja.

Ban taɓa tsanar kaina kamar lokacin ba. Da na bar ta ta sa sunan ƙanena da tuni ta karanta mun kama hanya. Wata uku tana karya fensir, tana haɗiye tsawata, ga shi zan raba ta da aikin shekara goma sha tara saboda kwaɗayin kunnena. Kuma abin kunyar, a daidai wannan lokacin ma akwai wani gefe na zuciyata da ya miƙe yana jira, yana cewa yau dai dole ta faɗa.

Jan biron ya kusa taɓa takarda Inna ta ɗaga hannu.

"Yallaɓai, ina iyawa," in ji ta. "Amma a hwaɗa ma waccan ta hita."

Ba ta nuna ni ba, amma duk ɗakin ya juyo. Shugaban ya tambaya wace ce, aka gaya masa. Ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Malama, kin ji."

Na ji, amma ban tashi ba. Allah ya sani ban tashi ba. Na zauna kamar an kafe ni, ina ji a raina cewa sunana ne, ni aka raɗa wa, kowa a ɗakin nan zai ji shi daga bakinta, har baƙon da bai san mu ba, ban da ni. Nas ɗin na ja mini hannu ina fizgewa. Shugaban ya ce ba shi da lokaci, akwai mutane a baya. Sai Inna ta juyo gaba ɗaya ta dube ni, cikin ido, abin da ba ta taɓa yi ba. Ba harara ba ce. Roƙo ne, kuma na ga tsoro a ciki. Na ɗauki jakata na fita.

Tagogin ɗakin a buɗe suke, kuma hanyar fita ta bi ta ƙarƙashinsu. Na rage tafiya a nan. Na ji shugaban ya ce, "To, Mama." Da na ƙara daƙiƙa biyu da na ji, ba kuma wanda zai sani. Na toshe kunnuwana da hannu biyu na ruga, ni da girmana da tabarau, har bakin titi inda 'yan kabu-kabu ke tsayawa suna ta da mashina. Ɗaya ya tambaye ni Jega ko Aliero, na ce ba ko'ina.

Ban san tsawon lokacin da na yi a wurin ba. Nas ɗin ce ta fara fitowa, tana tafe tana share ido da bayan hannu. Ta ce ta karanta. Ta ce duka biyun ta faɗa, a fili, har na bencin ƙarshe sun ji, sannan shugaban ya zaro katuna biyar daga aljihu ta karanta su ɗaya bayan ɗaya, ya sa hannu da baƙin biro. Ta fara cewa in na ga yadda ta faɗi nawa, na ce ta bari.

Inna ta fito daga baya, ta ja mayafi har goshi. Ta wuce ta gabana ba ta tsaya ba. Na bi ta a baya har gida. Ta shiga ɗaki ta saki labule, na ji tana zuba ruwa a buta. Na zauna a tsakar gida har la'asar ina harhaɗa kalmomin ban haƙuri, na kasa samun waɗanda za a iya faɗa wa labule. Da zan tafi na ce na tafi. Ta ce a sauka lahiya.

Asabar ta gaba ban je ba, ba ta kuma aiko ba. Karatun ya ci gaba a hannun nas ɗin, a lokacin hutun rana. Inna na nan a bakin aikinta. An ce yanzu ita ke zama a teburin katuna, tana kira da ƙarfi, kuma in katin mai irin sunana ya zo ba ta kifawa, kira take yi kamar kowane.

Ina zuwa gaishe ta duk wata, amma a gida. Na san ranar awo, na san ƙarfe nawa ake farawa, kuma daga Aliero ba wata tafiya ba ce. Sau ɗaya na ɗauki izini a makaranta na je har ƙofar asibitin. Mata sun cika rumfa da goyo, ina jiyo muryarta daga ciki tana kiran 'ya'yan mutane. Na tsaya har ta kira huɗu. Kafin ta ɗauki kati na biyar na ce wa ɗan kabu-kabun ya juya mu koma Jega.